Alewar Sallah da Ruwan Marka

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san irin ruwan da magidanta suke tsoro. Akwai mai zuwa da iska da tsawa, ya zuba kamar da bakin ƙwarya, indararo ya yi ta ambaliya, bayan awa guda gari ya washe. Wannan yakan jiƙa fuskar katanga, ya ɗan wanke yaɓe, amma da rana ta fito ginin zai sha iska ya koma yadda yake. Wanda ke hana maigida barci shi ne ruwan marka, cikin watan Agusta, mara ƙarfi kuma mara ɗaukewa: yayyafi da safe, yayyafi da azahar, ya ɗan tsagaita kamar zai bari, kafin la'asar ya dawo. Kwana biyu, kwana uku, katanga ba ta samu ta bushe ba. Danshi ya ratsa yaɓe ya kai ga tubali, gindin bango ya yi laushi, sai cikin dare a ji rugugi, a wayi gari ana yi wa maƙwabci jaje. Da za a auna, wataƙila ruwan kwana ukun bai kai na awa gudan nan yawa ba. Rashin hutu ne ya kayar da katangar.

Haka sukari yake yi wa haƙori, kuma ranakun Sallah su ne markar bakin yaranmu.

A dubi yinin yaro ɗan shekara bakwai ranar ƙaramar Sallah. An sauko daga Idi, ya ci shinkafa da miyar kaji, an ba shi lemo. Ya sha sabon ɗinki, shi da 'yan'uwansa sun kama hanyar yawon Sallah. Gidan farko na kakarsa ne. "Barka da Sallah, Hajiya." "Barkanmu dai, maigidana, zo nan ka karɓa." Ta buɗe langa ta damƙa masa dubulan da cincin. Gidan gwaggo alewa mai tsinke. Gidan kawu sabuwar takardar kuɗi, wadda ba za ta wuce teburin bakin layi ba: cingam, minti, cakulan, sai askirim ɗin mai keke. Wurin kallon hawa ga mai tuwon madara, ga mai gullisuwa, ga zoɓo mai sanyi ƙulle a leda. Aljihun sabuwar riga ya cika, yana zaro ɗaya yana jefawa a baki, kafin ta narke ya bi ta da wata. Daga hantsi har bayan isha'i bakinsa bai rabu da zaƙi ba. Idan a Kano ne, gobe hawan Daushe, jibi hawan Nasarawa, kullum haka.

Ba na cikin masu cewa a hana yara wannan. Farin cikin Sallah haƙƙinsu ne, kuma kakar da ta kwana tana tuyar dubulan don jikokinta ba ta yi laifi ba. Abin da nake so iyaye su gane shi ne yadda ɓarnar take aukuwa, domin wanda ya san ta inda ruwa yake cin katanga ya san inda zai tare.

Haƙori ma yana da nasa yaɓen. Farin ɓawon da muke gani a waje shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi, kuma kusan dukkansa ma'adinin kalsiyam ne da fosfet. A ƙarƙashinsa akwai sashe mai ɗan rawaya wanda bai kai shi tauri ba, can ciki kuma ɓargon haƙori ne, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke. Sukari da kansa ba ya huda ɓawon nan. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a bakin kowa, cikin farin danƙon da mutum yake kankarowa da farce a gindin haƙori idan ya kwana bai wanke baki ba. Fitacciya a cikinsu ita ce Streptococcus mutans. Su ne suke cin sukarin su fitar da tsami, tsamin kuma ya riƙa narkar da ma'adinin ɓawon kaɗan-kaɗan, yadda ruwa yake zagwanyar da yaɓe.

Wani likitan haƙori a Amurka, Robert Stephan, ya auna wannan a farkon shekarun 1940. Ya sa mutane su kurkure baki da ruwan sukari, ya riƙa bin tsamin da ke taruwa a kan haƙoransu. Cikin 'yan mintuna tsamin ya kai matakin da ɓawon haƙori yake fara narkewa, wajen 5.5 a ma'aunin pH, sannan ya riƙa raguwa a hankali, sai bayan minti 30 zuwa awa guda baki ya dawo daidai. Abin da ke dawo da shi kuwa yawu ne. Mun raina yawu, alhali shi ne rana da iskar baki, har ma ya fi su aiki, domin bayan ya wanke sukarin ya karya kaifin tsamin, yana ɗauke da kalsiyam da fosfet da yake mayarwa inda aka zaizaye. Yana busarwa, yana kuma yin ɗan yaɓe. Sharaɗinsa guda ne, a ba shi lokaci.

To sai a yi lissafi. Yaron da ya shanye alewa goma a zama ɗaya ya jiƙa katangarsa na kamar awa guda, sauran yinin yawu yana gyara. Wanda yake shan guda ɗaya duk bayan awa ya jiƙa tasa awa goma a jere, kuma duk lokacin da yawu ya fara aiki sai sabon yayyafi ya sauko. Alewarsu ɗaya, adadinsu ɗaya, amma na biyun ne zai fara kwana yana kuka riƙe da kunci.

An tabbatar da wannan ta hanyar da ba za a yarda a sake bi ba. Tsakanin 1945 da 1953, a asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Vipeholm da ke birnin Lund a ƙasar Suwidin, an yi gwaji a kan marasa lafiya fiye da 400 ba da izininsu ba. Aka raba su rukuni-rukuni. Wasu ana ƙara musu sukari a lokacin cin abinci kawai, wasu kuma ana ba su alewa mai danƙo tsakanin abinci da abinci, har guda 24 a yini. Waɗanda suka sha sukarin tare da abinci, duk da yawansa, ɓarnar haƙoransu ba ta ƙaru sosai ba. Masu tsotsar alewa a tsakani kuwa haƙoransu suka ruɓe ƙwarai. Zalunci ne aka yi wa bayin Allah da ba su iya kare kansu, kuma 'yan ƙasar da kansu sun yi tir da shi daga baya. Amma bayan an wallafa sakamakon a 1954, hukumomin Suwidin suka shawarci iyaye su riƙa tara wa yara alewa su ba su rana ɗaya a mako, ranar Asabar. Har yau al'adar tana nan a can.

A nan ne nake ganin iyaye mata masu kula, waɗanda suka fi kowa son lafiyar 'ya'yansu, suna yin abin da ba shi suke nufi ba. Yaro ya dawo da leda cike, uwa ta karɓe ta ɗora saman sif. "Umma, a ba ni ɗaya." "Ungo, saura sai an jima." Bai fi awa ba ya dawo yana langaɓe kai, ta sake miƙa masa ɗaya don ya bar ta ta ƙarasa aiki. Da ƙaninsa ya fara rigima, shi ma a toshe masa baki da guda. Ledar da za ta ƙare a yini biyu sai ta kai mako. A ganinta ta hana shi yawan zaƙi, kuma niyyarta kyakkyawa ce, sai dai ta mayar da ruwan awa guda markar kwana bakwai.

Da za ta jira a gama cin tuwo, ta zube masa rabon ranar a faranti, ya sha abinsa a zama ɗaya, ya kora da ruwa, a rufe zancen sai gobe, da ta fi taimakonsa. Bayan cin abinci yawu yana gudana sosai, ciki kuma a cike yake, don haka ko shi ba zai sha da yawa ba. Yaro yana saurin sabawa da doka idan ya ga ba ta canzawa. Ranar farko zai yi ƙorafi, rana ta biyu shi zai tuna wa uwarsa cewa lokacin alewa ya yi.

Kada a ɗauka ina cewa yawa ba ya komai. Mamakon ruwa ma idan ya wuce kima yana kayar da gini. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, haɗe da na zuma da ruwan 'ya'yan itace, ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum yake samu daga abinci a yini, in da hali ma ya tsaya ƙasa da kashi 5. Ga babban mutum wannan na nufin kamar ƙaramin cokalin shayi 12, ko kuma 6. Na yaro bai kai haka ba. Gwangwanin lemo guda yana iya ɗaukar sukari har giram 40, wato wajen cokali 10. Yaron da ya sha biyu a gidan gwaggo ya riga ya wuce rabon babansa. Ranar Sallah za a wuce iyakar nan, kowa ya sani. Abin da ake nema shi ne kada Sallar ta zarce ta zama ta kullum.

Kayan zaƙin ma ba ɗaya suke ba. Alewa mai tsinke da minti suna daɗewa a baki, yaro yana juya su daga kunci zuwa kunci. Tuwon madara, gullisuwa, iloka, nakiya da alkakin da ya sha zuma suna liƙewa a kwarin turame, inda harshe ba ya iya ciro su, su zauna can suna ciyar da ƙwayoyin nan bayan an manta an ci. Biskit da cincin ma haka, da sun haɗu da yawu sai su zama kamar kwaɓi su cike tsakanin haƙora. Cakulan, da mutane suka fi zargi, yana saurin narkewa ya wuce. Akwai kuma masu ganin mazarƙwaila da zuma da dabino na gida ne, ba su da illa. Dabino da zuma suna da amfaninsu ga jiki, wannan babu musu, amma ƙwayoyin baki ba sa tambayar daga ina zaƙi ya fito. A ci su tare da abinci, a bi da ruwa.

Abin sha ya fi ba ni tsoro. Lemon kwalba ya haɗa abu biyu, sukari da tsamin kansa, don haka tun kafin ƙwayoyin baki su fara nasu aikin ya riga ya fara cin ɓawo. Zoɓo da ruwan tsamiya idan an cika musu sukari su ma haka ne. Ga shi robar lemo tana da murfi, sai ka ga yarinya ta rungume tata tun azahar, ta buɗe ta kurɓa ta rufe, ta yi wasa ta dawo ta sake kurɓa, har magariba. Babu markar da ta kai wannan. In za a sha, a zuba a kofi a shanye da abinci. Mafi muni shi ne a zuba wa jariri lemo ko shayi mai sukari a fida ya yi barci yana tsotsa. Haƙoransa na sama na gaba su ne suke fara tafiya, su yi fari, su koma ruwan ƙasa, su guntule tun bai shiga makaranta ba.

Idan yaro ya sha abu mai tsami kada a garzaya da buroshi nan take. Magini ba ya kankarar katanga tana jiƙe, domin ƙasar za ta biyo hannunsa. Ɓawon haƙori ma yana yin laushi bayan tsami. A kurkure da ruwa, a jira kamar rabin awa, sannan a goge.

Dare kuwa shi ne lokacin da rana ba ta nan. Da mutum ya yi barci yawu yana raguwa ƙwarai, duk abin da ya kwana a baki ya samu awa takwas ko tara babu mai korarsa. Daren Sallah kuma shi ne daren da aka fi sakaci. Yara sun dawo a gajiye, wani ya yi barci a mota, wata a kafaɗar yayarta, da kayan Sallar a jiki da sauran alewa a kunci. Tausayi ya sa a ce a bar su su huta. Ni dai a ganina tausayin gaske shi ne a tashe su, ko suna layi, a goge musu baki, sannan a kwantar. Minti biyu ne. Bayan nan kada komai ya sake shiga sai ruwa.

Maginan gargajiya ba su taɓa dogara da rana kaɗai ba. Kafin damina sukan bi katanga da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, masu hali kuma su sa laso na katsi da gashin jima da dafara, don ruwa ya riƙa zamewa. Hasumiyar Gobarau a Katsina da masallacin Agadas da ƙasa aka gina su, kuma sun ga ɗaruruwan damuna suna tsaye saboda ba a daina bin su da gyara ba. Makubar haƙori ita ce sinadarin fuloraid. Yana shiga cikin gyaran da yawu yake yi, ya sa sabon ɓawon ya fi jure tsami. Birnin Grand Rapids na Amurka ne ya fara sa shi a ruwan famfo a 1945, aka ga ruɓewar haƙoran yara ta ragu sosai. Mu a nan hanyarmu mafi sauƙi ita ce makilin. A duba jikin kwali a tabbatar yana da fuloraid, tsakanin 1000 da 1500 a ma'aunin ppm. Yaron da bai kai shekara 3 ba a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama, safe da dare. Idan an gama a tofar kawai, kada a kurkure. Mun saba cika baki da ruwa sau uku bayan gogewa, amma wanda ya shafa makuba ba ya bin ta da bokitin ruwa. Kuma a hana yara haɗiyewa, domin fuloraid idan ya yi yawa a jiki yana ɓata haƙori da ƙashi, kamar yadda ya faru ga yaran Tibiri kusa da Maraɗi sakamakon ruwan da yake ɗauke da shi fiye da kima.

Yaro bai iya goge wa kansa yadda ya kamata sai wajen shekara 7 ko 8. Kafin nan yana tsotsar buroshi ne kawai, ya goga na gaba ya ce ya gama. Babba ya tsaya a bayansa, ya ɗaga masa haɓa, ya kai buroshin har turamen ciki da gindin dasashi.

Asuwaki kuwa ni'ima ce da muka gada. Sunna ce mai ƙarfi, kuma wanda yake yin sa kowace salla ya share danƙon nan sau biyar a yini, abin da mutane da yawa masu buroshi ba sa yi. A koya wa yara shi tun suna ƙanana, na arak ko na darbejiya. A haɗa da makilin mai fuloraid da dare, babu saɓani a tsakaninsu. Abin da za a guje wa shi ne dirzar haƙori da gawayi ko toka ko gishiri don ya yi fari, saboda ɓawon suke kankarewa, shi kuma ba ya sake tsirowa.

Nakan ji ana cewa ai haƙoran nono ne, za su zube wasu su fito. Haƙoran nono 20 ne, kuma turamensu suna nan har yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Da su yake tauna, da su yake koyon magana, su ne kuma suke riƙe wa na dindindin gurbi. Idan aka cire ɗaya da wuri na kusa sukan karkato su toshe wurin, sabon ya fito a karkace. Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba. Wajen shekara 6 wani babban turmi yana fitowa can ƙarshen layi, sama da ƙasa, hagu da dama, ba tare da wani ya faɗi ba. Wannan na dindindin ne, babu wani a bayansa da zai maye gurbinsa, kuma yana fitowa daidai shekarun da yaro ya fi yawon Sallah da kuɗi a aljihu. Shi ne haƙorin da aka fi asara. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 suna da ruɓewa a haƙoran nono, mutum kusan biliyan 2 kuma a na dindindin.

Ɓarnar tana nuna alama tun kafin ciwo. Da farko wani ɗan fari ne mara sheƙi, kamar alli, a gindin haƙori kusa da dasashi. A wannan matakin yaɓe ne kawai ya zaizaye, kuma da rage zaƙi da makilin mai fuloraid yana iya gyaruwa. Idan aka bari ya zama rami, to tubali ya fita, sai magini. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma da kogo ya samu, abinci zai riƙa maƙalewa, ramin ya yi ta zurfi har ya taɓa jijiya. Babu wata tsutsa a ciki, ko da mai magani a kasuwa ya nuna wani abu a cikin ruwa ya ce ita ce ya ciro. Kanumfari yana ɗan kwantar da zogi, amma ba ya cike rami. Ɗora ƙwayar asfirin a kan haƙori ƙona dasashi yake yi, ruwan batir da wasu suke ɗigawa kuwa guba ne, kada a kusantar da shi bakin kowa. Ciwon da ya yi shiru da kansa ma ba warkewa ba ce, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ruɓar tana ci gaba a ƙasa. Idan kunci ya kumbura, ko zazzaɓi ya biyo baya, a tafi asibiti a ranar. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato suna da sashen haƙori, haka ma manyan asibitocin jihohi da dama, kuma ƙaramin rami cikewa ake yi, ba sai an cire ba.

Kawunnai da gwaggonni da kakanni su ma suna da rabonsu a nan, domin daga hannunsu yawancin zaƙin yake fitowa. Goron Sallah ba dole ne ya zama alewa ba. Ga gyaɗa da aya da ƙuli-ƙuli ga waɗanda suka iya tauna, ga dambun nama, ga cuku, ga kindirmo mara sukari, ga balan-balan da 'yar tsana. Wanda ya ba da alewar kuma ya ƙulle ta ya ce, "Kai wa ummanka ta ajiye maka, bayan ka ci abinci ka sha."

Iyaye, idan an zauna lissafin shadda da atamfa da takalmi da kuɗin tela, a sa sabon buroshi ga kowane yaro da makilin mai fuloraid a cikin lissafin. Bayan Sallah kuma a zaunar da su ɗaya bayan ɗaya a hasken rana, kowa ya buɗe baki, a leƙa turamen ciki da gindin haƙoran gaba. Duk wanda aka ga fari kamar alli ko ɗigon baƙi a nasa, a kai shi wurin likitan haƙori tun bai fara kuka ba.